Malam Awudu da Kalmar da Ta Kusa Mayar da Ni Gida

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar Malam Awudu tafinta. Ba ɗan'uwana ba ne, ba ma ɗan ƙasarmu ba. Shi haifaffen zangon Kumasi ne a Gana, ni kuwa Badamagare ne daga Nijar. Amma duk shekara in lokacin ya zagayo sai in rasa sukuni a bakin teburina da ke titin Fordham Road a unguwar Bronx, nan Amurka, inda nake sayar da huluna da safar hannu da rigunan waya. Na bana ya fi na kullum nauyi, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko zuciya ta yi sanyi.

Ranar da na fara ganinsa ba ranar zumunci ba ce. A kotun shige da fice ne, can cikin Manhattan, ni ina neman mafaka, shi kuma an ɗauko shi ya yi mini tafinta. Gajere ne kakkaura, da kwat mai ruwan toka da 'yar farar hula, tabarau na rataye a wuyansa da igiya. Da ya gaishe ni na ji Hausar zango, irin wadda ke ce wa mace "ya zo". Ya ce in riƙa magana a gajarce, shi zai mayar da Turanci, kuma kada in nemi shawararsa a kan komai, doka ta hana. Daga nan bai ƙara kallona ba.

Abin da ya kai ni wurin shi ne wannan. Fataucin busasshen tattasai nake yi a wani gari na gabashin ƙasarmu, bakin kogin Komadugu, ina aika buhuna Damagaram. Sai yaran nan masu bindiga na tsallaken ruwa, waɗanda har yau ba na son ambaton sunansu, suka aiko wai 'yan kasuwa su riƙa saya musu mai da abinci. Na ƙi, na kuma sanar da jandarma, jami'an tsaron ƙasarmu. Suka aiko mini da saƙo cewa na zama kunnen gwamnati, na bar addini. Ranar kasuwa, rana tsaka, lokacin da ba masaka tsinke, suka zo rumfata suna kiran sunana da ƙarfi. Ni kuwa a lokacin na je lodi a tasha. Ƙanena Haruna suka tarar a zaune, shi suka kashe a gaban jama'a. Ko buhu ɗaya ba su ɗauka ba.

Lauyata, wata yarinya Baturiya da ke aiki da masu taimakon baƙi, ta sha nanata mini abu guda kafin ranar. Ta ce in don dukiya aka neme ni, to, fashi ne, kuma ƙasar nan ba ta ba da mafaka saboda fashi. In kuwa don abin da na yi imani da shi ne, da kuma ƙin bin su da na yi, wannan wata magana ce. Na ce mata ai ba ni da fargaba, gaskiyata a fili take. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shari'a ta yi ta tafiya lafiya har lauyan gwamnati ya tashi. Ya tambaye ni me ya sa suka zaɓi rumfata, kuma me ya sa a wannan lokacin. Mu 'yan Nijar da muka ɗan shiga lakwal, wato makarantar boko, Faransanci kan faɗo mana cikin Hausa ba tare da mun sani ba, kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Na ce, "Sun zo ne saboda affluence ɗin da ke wurin." A bakinmu wannan kalma taron jama'a take nufi, cunkoso, irin na kasuwa in ta cika. Nufina so suke kowa ya gani, kowa ya ji tsoro. Malam Awudu bai san Faransanci ba. Ya ji kalmar da ya sani a Turanci, ya gyara mata lafazi, ya miƙa ta yadda take. A Turanci kuwa ma'anarta wadata, yalwar dukiya.

Na ga alƙaliyar, wata dattijuwa mai furfura, ta ɗaga kai daga rubutu. Na ga lauyata ta runtse ido. Ban san abin da ya faru ba, amma jikina ya ba ni. Lauyan gwamnati ya matso, murya a tausashe, ya ce ashe dai akwai dukiya a rumfar. Na ce wace dukiya, tattasai ne. Ya ce yanzu da bakina na ce saboda arzikin da ke wurin suka zo. Na ce ban ce arziki ba. Ya ce to me na ce? Na ce, "Affluence na ce!" Na sake faɗa da ƙarfi, ina zaton rashin ji ne. Duk faɗar da na yi, rami nake ƙara yi wa kaina zurfi, Malam Awudu kuma na miƙa kalmar da gaskiyarsa. Da na buɗe baki zan yi bayani, alƙaliya ta ce in amsa da i ko a'a kawai. Rashin sani ya fi dare duhu. A idonsu na zama mutumin da ya faɗi gaskiya bisa kuskure, yana kuma neman haɗiye ta. Aka tashi hutun cin abinci, aka ce in an dawo za a kammala.

A barandar da ke gaban ɗakunan shari'a mutane sun cika maƙil, daga kowace ƙasa, kowa da jakar leda cike da takardu, yara na kuka. Lauyata na yi mini magana, amma Turancina a lokacin bai wuce na ciniki ba, kuma tafinta ba shi da izinin shiga tsakaninmu a waje. Na jingina da bango. Isa, wani ɗan garinmu da ya raka ni, ya zagaya neman wurin zama ya rasa, ya dawo yana tsaki ya ce, "Kai, affluence ɗin yau ta yi yawa, ko wurin tsayuwa babu."

Malam Awudu na zaune a ƙarshen benci yana cin burodi. Na ga hannunsa ya tsaya a hanya. Ya juyo ya dubi Isa, ya dubi mutanen da ke barandar ɗaya bayan ɗaya, talakawan da kowa ya aro rigar zuwa kotu. Ya nannaɗe burodin, ya tafi bakin taga ya zaro waya, ya daɗe a tsaye ya ba mu baya.

Sai daga baya na san abin da yake aunawa a wurin. Ba ma'aikacin kotu ba ne, wani kamfani ke kiransa aiki rana-rana, kuma tafintan da aka rubuta wa kuskure irin wannan ba a cika sake kiransa ba. Yana da mata da 'ya'ya uku, da tsohuwa a Kumasi da ke jiran abin da zai aika. Ba wanda ya gane abin da ya faru a ɗakin nan, ba alƙaliya ba, ba lauyoyi ba, ba ni ba. Da ya ja bakinsa, da an yanke hukunci, ya hau jirgin ƙasa ya koma Bronx da mutuncinsa, ni kuma in mutu ban san abin da ya kayar da ni ba.

Da aka koma, kafin kowa ya ce komai, ya miƙe tsaye. Ban fahimci Turancin ba a lokacin, lauyata ce ta warware mini daga baya. Cewa ya yi tafinta na neman izinin gyara kuskurensa: kalmar da mai neman mafaka ya faɗa ba ta Turanci ba ce, ta Faransanci ce, ma'anarta taron jama'a, shi ne ya miƙa ta ba daidai ba. Lauyan gwamnati ya zabura, ya ce wannan haɗin baki ne, an shirya shi a waje lokacin hutu. Alƙaliya ta cire tabarau ta tsura wa Malam Awudu ido, ta tambaye shi ko ya yi magana da ni. Ya ce a'a. Ta ce to ina ya gano, ya ce a baranda ya ji Isa, wanda ya raka ni, ya faɗi kalmar; ta ce ko ya yi magana da Isan. Ya ce a'a, ji kawai ya yi. Ta tuna masa cewa rantsuwa ke kansa. Ya ce ya sani.

Can alƙaliya ta sa aka kira wata tafintar Faransanci ta waya, ta karanto mata haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta gaya mata dalili ba. Muryar matar ta fito a lasifika ta ce taro ne, kamar cunkoson tasha lokacin tashi daga aiki. Alƙaliya ta ɗage shari'ar, ta ce a nemo wani tafinta, ta kuma ce dole ta rubuta abin da ya faru. Malam Awudu ya ɗauki jakarsa ya fita, kansa a sunkuye. Bayan watanni aka sake zama da wani tafinta ɗan Maraɗi, aka ba ni mafaka.

A ranar farko ban ji godiya ba, haushi na ji, don gani nake shi ya jefa ni rijiya kafin ya miƙo igiya. Sai da takardata ta fito, hankali ya dawo jiki, na fara tambayar kaina ko ni zan iya abin da ya yi. Na yi ta cigiyarsa har na same shi wata Juma'a a wani masallaci a unguwar Tremont. Ya rame. Kamfanin ya daina kiransa kotu, ya koma gadi a wani kanti, wani lokaci kuma a kira shi asibiti ya yi wa marasa lafiya tafinta. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Na fara yi masa godiya, ya katse ni ya ce, "Ƙanena, ni ne zan roƙe ka gafara. Zo mu je gida ka ci wake da shinkafa irin namu." A gidan, matarsa Hajiya Memuna ta dire kwano a gabana, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne mai tattasan?" Ba ta jira amsa ba ta shige ciki. Shekaru na yi ina zuwa gidan, gaisuwarta gare ni ba ta taɓa wuce "lafiya" ba.

A wannan zaman ne na gane kalmar ba ta bar shi ya huta ba. Ya bi sawunta kamar mai bin ɓarawon akuya, daga ɗakin karatu na unguwa zuwa manyan ƙamusoshi. Ya ce asalinta daga harshen Latin ne na mutanen Rum na da, inda aka haɗa wata 'yar kalma mai nufin "zuwa" da wata mai nufin "kwarara". Wato abin da ke kwararowa ya nufo wuri guda, ko ruwa ne, ko mutane, ko kaya. Turawan Ingila daga Faransawa suka karɓe ta, kuma a tsofaffin littattafansu takan zo da ma'anar tururuwar jama'a ko malalar ruwa. A hankali sai suka tsuke ta a kan yalwar abin hannu, Faransawa kuwa suka bar ta a kan taro. Uwa ɗaya uba ɗaya, in ji shi, amma ɗaya ta auri mai kuɗi, ɗaya ta zauna a tasha.

Da ya faɗi haka sai na tuna mushenmu, wato malaminmu na lakwal, yana zana kogi a allo, yana cewa ƙaramin kogin da ke zuba a cikin babban ruwa sunansa affluent. Na gaya wa Malam Awudu cewa haka aka koya mana a kan Komadugu da ke zuba a tafkin Chadi. Ya buga tebur don murna, ya ce a Turanci ma wannan ma'anar na nan, ta dai kwanta ne a littattafan labarin ƙasa. Ya ce har kalmar da suke yaba tafinta da ita, fluent, wato mai harshen da ke gudana ba gargada, daga wannan saiwa ta tsiro. "Ka ga," ya ce, "harshena ya gudana sosai paa, har ya kusa tafiya da kai."

Yakan yi dariyar yadda Amurkawa ke kiran unguwannin masu hali da wannan kalma, unguwannin da za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ɗan adam a titi ba sai kare da mai jan sa. Ya ce da Bafaranshe za a tambaya, Fordham Road zai nuna. Yakan kuma auna ta da namu kalmomin. Ya ce wadata da yalwa sun fi kusa da ita, amma arziki dabam ne, don shi daga Larabci ya zo, kuma yana tuna maka Wanda ya ba ka, ba yawan abin da ya shigo kawai ba.

Ni dai wannan hira ba ta yi mini daɗi kamar yadda take yi masa. Duk sanda ya furta kalmar, sai in ji warin tattasai a hancina, in ga takalmin Haruna guda ɗaya a ƙofar rumfa. Wata rana na kasa daurewa, na ce, "Malam, don Allah ka bar maganar nan." Ya ce ba don nishaɗi yake bi ba. Wanda ya faɗa rami da wani a bayansa, in ji shi, wajibi ne ya koma da rana ya ga inda bakin ramin yake. Tun daga nan duk majiyyacin da zai yi wa tafinta a asibiti, sai ya fara tambayarsa a wace ƙasa ya yi makaranta.

A asibitin ya gamu da ajalinsa. Farkon annobar nan da ta rufe birnin, lokacin da jiniyar motocin asibiti ba ta yankewa a Bronx, ya ci gaba da amsa kira, don akwai tsofaffinmu da ba su iya gaya wa likita inda ke musu ciwo. Ya kamu, bai daɗe ba ya cika. Mutane ƙalilan aka bari suka raka shi. Ni a waya na ga an sa shi a ƙasa, ina tsaye a ɗakina.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa na da tafinta a aljihu. Baƙo ya sauka jiya, yau ya ɗaga waya a gaban likita ko ɗan sanda, ta yi magana a madadinsa. Na san zai yi sha'awar abin, don shi mutum ne mai son sabon ilimi, zai kwana yana jarraba ta da kalmomi. Amma na san kuma zai tambaya, in ta yi kuskure, wa zai ji nauyin abin a ƙirjinsa har burodi ya ƙi haɗiyuwa? Magana zarar bunu ce, kuma na'ura ba ta da abin da za ta rasa in ta zare ba daidai ba.

Abin da ya fi wannan kuwa shi ne tsoro. A shagunan aski da ƙofar masallaci yanzu hirar ɗaya ce: wane ya je kotu bai dawo ba, wance jami'an shige da fice sun tare ta a baranda bayan an tashi. Wani labarin gaskiya ne, wani ƙari, amma ba mai son ya gwada da kansa. Akwai wata baiwar Allah, Rabi, 'yar Tawa, mai kitso a wani shago kusa da teburina. Ranar shari'arta ta matso, kuma duk wanda ta roƙa ya raka ta sai ya ce aiki ya riƙe shi. Makon jiya ta tsaya a gabana tana murza gefen mayafinta ta ce, "Yaya Lawali, an ce kai ka san wurin." Na ce mata zan yi tunani. Takardar zama gare ni, amma ban zama ɗan ƙasa ba tukuna, kuma sai da na sha wuya kafin matata Zainabu da yara su iso. Tun ranar abinci ba ya mini ɗanɗano. Ban gaya wa Zainabu ba, don na san abin da za ta ce.

Shekaranjiya na je gaida Hajiya Memuna, kamar yadda na saba duk shekara. Ta tsufa, 'ya'yan sun girma, babbar ma tana aikin jinya. Ban san abin da ya sa ba, sai na tsinci kaina ina ba ta labarin Rabi, ina jiran ta ce mini in kama kaina, in dubi abin da shisshigi ya jawo wa gidanta. Ta ajiye carbinta. Sannan, karon farko tun da na san ta, ta kira sunana.

"Lawali, kana tsammani da kai nike fushi? Ba da kai ba ne kraa, ko kaɗan. Abin da ya yi a kotu, da bai yi ba, da na raina shi. Amma waya na hannunshi, bai kira ni ba. Da suka daina ba shi aiki, makonni yana sa kwat da safe yana fita, ashe laburare yake zuwa ya zauna. A bakin mutane na ji. Duk sanda na gan ka, wannan nike tunawa." Ta goge ido da bakin gyale. "Ka raka yarinyan. Amma ka je gida ka gaya ma Zainabu tukuna, ta yi faɗanta, ta yi kukanta. Kar ka ɗauke mata nata rabon."

Na fito daga gidan da Malam Awudun da ban sani ba, wanda ya iya tsayawa gaban alƙaliya ya tona kansa, amma ya kasa tsayawa gaban matarsa. Hakan bai rage shi a idona ba, sai ma ya sauko mini da shi kusa, inda mai tsoro irina zai iya kamo gefen rigarsa. Bai mutu ya bar wa iyalinsa gida ko kanti ba. Ya bar 'ya'ya masu kunya, da mace da ta riƙe masa gaskiya har bayan ransa, da ni da nawa iyalin da ke barci ƙarƙashin rufi ɗaya a Bronx.

Jiya bayan la'asar na zaunar da Zainabu na gaya mata. Ta yi faɗan, ta yi kukan, har yanzu ba ta ce ta yarda ba. Amma da safen nan na tarar ta goge mini farar rigata ta rataye a bayan ƙofa.

Allah Ya yafe wa Malam Awudu kurakuransa, waɗanda ya gyara da waɗanda bai samu gyarawa ba. Ya haskaka makwancinsa, Ya kuma fid da Rabi lafiya.